Katin Cowry na motocin Legas: abin da yake yi wa iyalin da suka sauka sabo, da inda ƙarfinsa ya ƙare

Yawanci maigida ne ke riga kowa zuwa. Ya yi shekaru yana canji a Marina ko yana sayar da albasa a Mile 12, ya san gari ciki da bai, sannan ya kama ɗaki biyu a Agege ko Idi-Araba ya aika a zo da iyali daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Shi ba baƙo ba ne. Baƙi su ne uwargida da yara, da ƙanin da aka haɗo su da shi don ya koyi sana'a. Da safe maigida zai fita kasuwa, su kuma a bar su da garin da ba su jin Yarbanci, Turancinsu kaɗan ne, Faransancin da suka koya a makaranta kuwa ba ya sayen ko ruwan leda. Asibiti, makarantar yara, cefane, gaisuwar rasuwa a wata unguwa, duk sai an hau mota. A nan katin Cowry yake shigowa, kuma a ganinmu yana cikin abubuwa uku na farko da ya kamata a saya wa iyali bayan katifa da tukunyar gas.

Katin roba ne, girmansa ɗaya da katin banki. Sunansa na nufin wuri, wannan ɗan farin ƙwanson teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda daga jam'insa ma kalmar kuɗi ta fito. Hukumar sufurin jihar, LAMATA, ta fito da shi a watan Agustan 2020, lokacin da Gwamna Sanwo-Olu ya buɗe hanyar BRT, wato ta manyan motocin bas masu titinsu na kansu, daga Oshodi zuwa Abule Egba. Da shi ake biyan manyan motocin bas na gwamnati masu shuɗin fenti, da ƙananan motocin cikin unguwa da aka ƙaddamar a 2021, da jiragen ƙasa biyu na jihar, da jiragen ruwan LAGFERRY. Ana sayensa a manyan tashoshi irin su Oshodi, Ikeja, TBS (dandalin Tafawa Balewa da ke tsibirin Legas), Ikorodu da Abule Egba, a hannun ma'aikatan da ke riƙe da ƙaramar na'ura. Ka biya kuɗin katin, ka ba da abin da kake so a loda maka, a ɗora katin a jikin na'urar, ka ga adadin ya bayyana a fuskarta. Kada ka juya baya sai ka ga adadin da idonka. Mutanen Nijar su kula da wani abu ɗaya a nan: an saba ƙidaya da dala, inda bakin mutum ke faɗin ɗari biyu alhali jika guda yake nufi. A Legas abin da aka faɗa shi ne abin da aka rubuta, ɗari biyar naira ɗari biyar ce.

Babban alherin katin ba ya fitowa sai an gwada shi da danfo, wato motocin nan masu ruwan ɗorawa da baƙin zane. A danfo kuɗin mota yana bakin yaron mota. Da safe wani farashi, da hadari ya haɗo wani farashi, da ya ji harshenka na baƙo kuma wani. Tun kana ƙofa zai ce ka shigo da canjinka, in kuwa ka miƙa masa dubu guda, yana iya haɗa ka da wani fasinja a kan takarda ɗaya a wurin sauka, ku je ku nemi canji ku raba. Matar da ta zo jiya daga Madawa ba za ta iya wannan jayayya ba, kuma bai kamata a sa ta ba. Da kati babu ciniki, babu canji, babu buƙatar buɗe baki. Abin da na'ura ta cire wa ɗan gari shi za ta cire wa baƙo. Ga kuma batun tsaro: ɓarayin da ake kira wan-cans, waɗanda ke shiga ƙaramar mota kamar fasinjoji su yi wa wanda suka ɗauka fashi a hanya, ba sa iya wannan sana'a a babbar bas da aka hau a tasha gaban mutum hamsin.

Yadda ake amfani da shi a bas yana da sauƙi, amma akwai wuri ɗaya da kusan kowane sabon zuwa ke yin asara. Ana shiga ta ƙofar gaba. Kusa da direba akwai na'ura mai ɗan allo. Ka shimfiɗa katin a kanta, ka riƙe kamar daƙiƙa biyu har ta yi ƙara ta nuna an karɓa. A wannan bugun na farko na'urar ba ta san inda za ka sauka ba, don haka takan cire kuɗin tafiya har ƙarshen hanya. Sai ka zo sauka ka sake bugawa, sannan ta lissafa inda ka tsaya ta maido maka da ragowar. A ƙaddara, don misali kawai, kuɗin Ikorodu zuwa TBS naira 1,000 ne, kai kuma Ketu za ka sauka inda kuɗin bai wuce 500 ba. Da ka shiga an cire 1,000. In ka buga wajen fita, 500 ta dawo. In ka yi gaggawa ka dira da goyo a baya da yaro a hannu ka manta, ta tafi ke nan. Abu biyu ke fitowa daga wannan tsari. Na ɗaya, dole katin ya kasance da kuɗin ƙarshen hanya ko da tafiyarka gajeriya ce, in ba haka ba na'urar za ta ƙi ka a ƙofa mutane na jira a bayanka. Na biyu, a koya wa uwargida ta fito da katin a hannu tun kafin mota ta tsaya, ba sai an buɗe ƙofa ta fara laluben jaka a ƙarƙashin hijabi ba.

Akwai ƙananan kurakurai da ke kashe kati ko su hana shi aiki. A cikin robar akwai siririyar waya da ta kewaye gefuna, ita ke magana da na'ura. Wanda ya huda katin don ya rataya wa yaro a wuya da zare yana iya tsinka ta, haka wanda ya sa shi a aljihun baya ya zauna a kai har ya lanƙwashe. A saya masa 'yar rigar leda mai igiya irin ta katin shaidar ma'aikata. Kada kuma a ɗora walat gaba ɗaya a kan na'ura, domin in akwai katin banki irin na zamani a ciki, na'urar takan rikice tsakanin su biyun ta ƙi karanta ko ɗaya. Sannan a sani cewa ba a tambayar lambar sirri a ƙofar mota, duk wanda ya tsinci katin zai hau da shi. Abin da ke kai tamkar tsabar kuɗi ne. Kuɗin mako guda ya isa a loda, na yaro ma na kwana biyu ko uku.

Batun lodi ta waya yana buƙatar bayani, don nan ne ake yawan zargin an ci kuɗin mutum alhali ba a ci ba. Akwai manhajar Cowry da ake saukewa a waya, a tura kuɗi daga banki zuwa asusun da ke cikinta. To amma kuɗin da ke asusun manhaja daban, wanda ke kan kati daban. Katin yana riƙe da lissafinsa ne a jikinsa, shi ya sa na'urar mota ke karanta shi nan take ba tare da jiran intanet ba. Kuɗin da aka tura ta waya ba zai hau katin ba sai katin ya taɓa wata na'ura da za ta rubuta masa shi, ko dai ta ma'aikacin tasha ko bayan wayar da ke da fasahar NFC, wadda ke karanta kati in an ɗora shi a kanta. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa ba su da ita. Ga sabon zuwa daga Nijar ma akwai wani shinge kafin wannan: manhaja tana son lambar wayar Najeriya, layin waya kuma ba ya aiki a Najeriya sai an haɗa shi da lambar NIN, wato lambar shaida ta ƙasa. Saboda haka a watannin farko hanya mafi sauƙi ita ce lodi a tasha, hannu da hannu. Maigida ya karɓi katunan gidan duka ranar da zai bi ta babbar tasha ya loda su a zama ɗaya. Kada a dogara da ƙananan matsayai na tsakiyar hanya, ba kullum ake samun mai lodi a can ba, musamman da sassafe da bayan isha'i.

Mun ce katunan gida, ba katin gida ba. Wasu magidanta kan sayi ɗaya su ce ya isa. A tashar jirgin ƙasa ƙofa tana buɗe wa mutum ɗaya a kan kati ɗaya, wajen shiga da wajen fita. Ko a bas ma, ranar da maigida ya tafi kasuwa da katin a aljihu, yaro ya tashi da zazzaɓi, uwargida ta koma hannun danfo. Kowane babba da nasa, haka duk yaron da ya kai ya zauna a kujerarsa shi kaɗai.

Sai dai kati ba ya kai ka inda motarsa ba ta zuwa, kuma wannan ne ya kamata a duba tun kafin a biya kuɗin haya. Hanyoyin BRT na ainihi, masu titinsu na kansu, biyu ne. Ta farko ita ce wadda Gwamna Fashola ya buɗe a watan Maris na 2008 daga Mile 12 zuwa CMS da ke tsibirin Legas, aka ƙara ta zuwa Ikorodu a 2015. Tana bi ta Ketu, Ojota, Maryland, Anthony, Fadeyi, Stadium da Costain ta haura tsibiri. Ta biyu ita ce ta Oshodi zuwa Abule Egba, mai bi ta Ikeja Along, Mangoro, Dopemu, Iyana Ipaja da Ile Epo. Mutanen Mile 12 da Ketu sun dace, mota na wucewa ta ƙofar kasuwarsu. Mutanen Agege kuwa sai sun fito babban titi ta Mangoro ko Dopemu, wanda ga mazaunin cikin Zango tafiyar Keke Marwa ce, kuma mai keke tsabar kuɗi yake karɓa. Wanda ya saba da kabu-kabu a gida, ya tsayar da ɗan babur a ƙofar gida ya kai shi ko'ina, zai ga bambanci: tun 1 ga Yunin 2022 an haramta acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island, a watan Satumba kuma aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Dokar ta shafi fasinja kamar yadda ta shafi mai babur. Idi-Araba da Mile 12 duk suna cikin yankunan da abin ya shafa.

Ga mutanen Agege, abin da ya sauya lissafi shi ne Red Line, jirgin ƙasan jiha da ya fara ɗaukar fasinja ranar 15 ga Oktoban 2024. Kilomita 27 ne daga Agbado zuwa Oyingbo, tashoshi takwas: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Wanda ya taɓa kwashe rabin yini a titin Agege Motor Road zai san darajar zama a kujera a wuce Oshodi ana kallon cunkoso ta taga. Daga tashar Mushin keke ɗaya ne zuwa Idi-Araba, inda asibitin koyarwa na LUTH yake, kuma wannan kaɗai ya isa dalili ga iyalin da ke da mara lafiya. Illarsa ita ce ba jirgin da ke zuwa kowane minti goma ba ne. Titi ɗaya yake bi da jirgin gwamnatin tarayya na Legas zuwa Ibadan, don haka da jadawali yake tafiya. A je tasha a ɗauki hoton jadawalin da waya, a riƙa isa kafin lokaci. A kuma lura, jirgin Ibadan yana tsayawa a Agege shi ma, amma na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ne, tikitinsa daban, katin Cowry ba ya aiki a cikinsa.

Blue Line ta riga shi, tun 4 ga Satumban 2023. Gajeriya ce, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, ta National Theatre da Iganmu da Alaba, tafiyar kimanin minti 20 a hanyar da mota kan yi fiye da awa in gari ya cushe. A nan akwai tarkon suna da ke kama Hausawa da yawa. Tashar da ake kira Alaba a wannan jirgi Suru Alaba ce. Ba ita ce Alaba Rago ta masu raguna da hatsi ba, ba kuma kasuwar kayan lantarki ta Alaba International ba, su biyun suna can gaba a yankin Ojo. Mai zuwa Alaba Rago ya zauna har Mile 2, ya sauka ya nemi motar Okokomaiko. Kashi na biyu na aikin jirgin shi ne zai miƙa daga Mile 2 zuwa Okokomaiko. Wannan jirgi da lantarki yake tafiya, wutar kuma tana bin wani ƙarfe ne a ƙasa kusa da titin jirgin. A ja wa yara kunne sosai, ko takalmi ne ya faɗa ba a sauka a ɗauko.

Jirgin ruwa daga Ikorodu zuwa tsibiri yana da sauri kuma kowa sai ya sa rigar kariya, amma ya fi bas tsada, mutumin tudu kuma ba kasafai yake sakin jiki da shi ba.

Inda sabis ɗin ya fi gazawa shi ne layi. Da safe duk gari yana kwarara zuwa tsibiri da Ikeja, da yamma ya juyo, motocin kuma ba su kai yawan jama'a ba. A Ikorodu da Abule Egba wanda ya fito daga sallar asuba ya wuce tasha kai tsaye yana samun mota da wuri, wanda ya tsaya karin kumallo har ƙarfe bakwai zai tarar da layi ya yi lanƙwasa uku. Da yamma a TBS da Oshodi haka abin yake daga kamar ƙarfe huɗu da rabi. Dalilin bai tsaya ga ƙarancin mota ba. Titin BRT ba ko'ina yake da shingen kankare ba. A wasu wurare fenti ne kawai ya raba shi da sauran titi, a wasu kuma, musamman wajen hawa gada zuwa tsibiri, bas tana shiga cikin sauran motoci. In ta maƙale a can, ba ta dawo ɗaukar na baya ba, layi sai ya yi ta tsawo ko da titin gabanka fayau yake. A manyan tashoshi layi biyu ake yi, na masu zama da na masu tsayuwa. Na tsayuwa ya fi sauri, ya dace da saurayi mai zuwa shago. Mai ciki ko mai goyo ta bi na zama ko da zai ɗauki lokaci, domin tsayuwar awa guda a motar da ta cika, wani lokaci na'urar sanyinta ba ta aiki, ba abin wasa ba ne. A ƙananan matsayai kuma, a lokacin cunkoso, mota kan zo a cike ta wuce ba ta tsaya ba. Shawararmu ga uwargida ita ce duk fitar da ba ta dole ba a yi ta tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, lokacin kujeru a sake suke.

Matsayai da yawa a tsakiyar babban titi suke, sai an hau gadar masu ƙafa a sauko. Matakalar doguwa ce, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta sha wuya, a ba ta lokaci a riƙe mata kaya. Duk da haka kada a yi gangancin tsallaka titin a ƙasa. Ban da haɗarin mota, jami'an tsabtar muhalli na jihar suna kama masu tsallakawa a inda akwai gada, baƙo mara takarda a aljihu kuwa shi ya fi kowa shan wahala in an kama shi.

Cikin motar akwai dokoki: ba a talla, ba a wa'azi, ba a cin abinci. Na farko da na biyu hutu ne ga wanda ya saba da mai maganin basir yana ihu a kansa tun daga Oshodi. Na ukun yana buƙatar shiri da azumi, a riƙe dabino da gorar ruwa a jaka, domin magariba takan riski mutum a layi ko a kan gada. Haka sallar la'asar, gara a yi ta kafin a shiga layi. Maza da mata a haɗe suke zama, babu ɓangaren mata. Macen da ba ta son zama kusa da namiji ta nemi kujerar taga kusa da wata mace tun ana shiga, in ta nemi musanya da ladabi galibi ana yi mata.

Kaya kuma a yi hattara. Jakar hannu da leda biyu na cefane ba matsala, amma babbar bas ba motar buhu ba ce. Wanda ya je Mile 12 ya sayo rabin buhun shinkafa da kwandon tumatir da jarkar manja don abincin wata, ko ya ɗauko cinyar sa daga mayankar Oko-Oba, ma'aikata na iya hana shi shiga, ko da sun bari ma babu inda zai ajiye. Ranar babban cefane a tafi da kati hannu sake, a dawo a danfo a biya wa kayan kujera, ko gidaje biyu su haɗa kuɗi su ɗauki shatar keke in tafiyar cikin unguwa ce. A danfo kalma ɗaya ta Yarbanci ta wadatar: in an kira sunan matsayarka ka ɗaga murya ka ce “o wa”, direba zai tsaya.

Farashi yana motsi, kamar komai a ƙasar. Bayan cire tallafin mai a 2023 gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin motocinta na wasu watanni, daga baya rangwamen ya ƙare, an kuma yi ƙari a farkon 2025. Bambancinsa da na danfo shi ne ana sanar da shi kafin ya fara, kuma ba ya tashi don an ga hadari. Wannan yana ba maigida damar ya ware kuɗin motar wata tun ranar da kuɗi ya shigo hannu, abin da ba ya yiwuwa da danfo.

Kafin a bar iyali su fita su kaɗai, maigida ya ɗauki rana ɗaya ta hutu, Lahadi da hantsi lokacin da titi ya yi sauƙi, ya bi da su hanyar da za su fi bi, zuwa da dawowa. Kowa ya buga katinsa da hannunsa, shiga da fita. A nuna musu alamar matsayarsu, gini ko gada ko masallaci, don sunaye irin Iyana Ipaja da Onipanu ba sa zama a kunnen baƙo a jin farko. A rubuta sunan matsayar gida da lambar wayar maigida a 'yar takarda a cusa a bayan rigar katin kowane yaro, a kuma sa wa kowa kuɗin keke na tsaba a wani aljihu daban.